Fasfon da Kwikwiyo Ya Ci

Ƙarfe sha ɗaya na safe Auta ta dawo daga asibiti, inda ta je sallama da abokan aikinta na jinya, ta tarar da fasfonta a tsakar gida. Wato abin da ya rage daga cikinsa. Bangonsa ya zama tsumma, takardu sun watse har bakin famfo, kwikwiyon gidan kuma, wanda suke kira Sarkin Ɓarna, yana kwance a kai yana kaɗa wutsiya kamar wanda ya gama aikin lada.

Ta durƙushe a wurin. Gobe da azahar jirginta zai tashi. Shekara uku tana fama da jarrabawa kafin wani asibiti a ƙasar waje ya ɗauke ta, kuma sun rubuta ƙarara: wanda bai iso ranar Litinin ba, a ba na bayansa. Sabon fasfo da sabuwar biza kuwa, ko da gudu aka yi, sai wata biyu.

Ihunta ne ya fito da matar yayanta daga kicin. Ba a jima ba yayan da kansa, direban babbar mota, ya shigo. Yana gani ya rarumi sanda.

"Tun da ya ci min takalmi na ce a fitar da shi! Yau sai na kai shi inda ba zai dawo ba."

"Yaya, ajiye sandar," in ji Auta. "Ka ba ni minti goma."

Ba tausayin kare ne ya riƙe ta ba, don a lokacin ita ma shaƙe shi take son yi. Lissafi ne ya ƙi fita. Wata guda da ya wuce ta kawo kwikwiyon domin ya riƙa ɗebe wa Baba kewa in ta tafi. A satin farko ya ci takalmi, ya ci wayar rediyo, ya soma ƙafar kujera. Likitan dabbobi ya ce haƙora ne ke yi masa ƙaiƙayi, ya ba ta doka: a rataye kaya sama, a fesa ruwan ɗaci a abin da ba ya ratayuwa, a ba shi igiya mai ƙulli ya yi ta tauna, in babu mai kallonsa a sa shi keji. Kwana goma sha biyu ke nan bai taɓa komai ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ta shiga ɗakinta. Jakar da take ajiye fasfon na rataye a ƙusarta, sama da kan mutum, har yanzu tana warin ruwan ɗaci. Babu sawun haƙori. Zif ɗin aljihun ciki a zuge yake tsaf, aljihun kuma wayam. Ta duba kejin: sakatarsa ta waje ce, kuma ita ta sa ta da hannunta kafin ta fita.

Ta ɗauko faranti ta tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya, yadda take ƙirga kayan tiyata. Suna da maiƙo. Ta kai hanci, sai ƙarnin kifin gwangwani ya buge ta.

"Yaya, yaushe ka fita?"

"Da asuba. Ina gareji ana canza min taya. Ke ni kike tuhuma?"

"Kira kwikwiyon."

Ya miƙa hannu ya yi fito. Kwikwiyon ya ƙanƙame wutsiya ya shige ƙarƙashin benci. Tun ranar takalmi, ko nama Yaya ya riƙe ba ya zuwa. Auta ta juya.

"Anti, ke fa?"

"Ni? Ni da ko kejin ba na bi ta gabansa? Kuma tsakani da Allah, wa ya fi ni son tafiyar nan? Har labulen ɗakinki na auna."

Gaskiya ce mai ɗaci, amma gaskiya ce.

"Kifin gwangwani nawa ne a kicin?"

"Huɗu." Ta leƙa ta dawo da ido waje. "Uku. Ni dai ban buɗe ba, kin san kin hana a sa wa Baba saboda gishiri."

Auta ta koma kan farantin tana juya takardun da yatsa. A wani guntu ta ga rabin hatimi, tawadarsa ta koɗe, da kwanan wata na shekara shida da suka wuce. Fasfonta kuwa wata huɗu ke nan da karɓowa, ba abin da aka taɓa bugawa a ciki sai biza. Wannan hatimin na tafiyar da ta raka mahaifiyarsu neman magani ne, tafiyar da ba ta yi amfani ba. Tsohon fasfo ne kare ya ci. Kuma wuri ɗaya yake zama a duniya: akwatin ƙarfe na takardun gida, wanda makullinsa ba ya barin aljihun mutum ɗaya.

Sai a lokacin ta lura cewa duk ihun nan, Baba bai leƙo ba.

Ta same shi a bakin gado, tsohon malamin makaranta da bai taɓa yarda ɗalibi ya yi masa ƙarya ba, ya riƙe jarida yana kallon shafi ɗaya. Ta ajiye farantin a gabansa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Na ji abin da ya faru. Sai haƙuri, Auta, wani jinkirin alheri ne."

"Baba, kare ba ya buɗe zif ya mayar. Ba ya zare sakata daga waje. Ba ya cin takarda yanzu sai an shafa mata mai. A hannun mutum biyu kaɗai yake cin abinci a gidan nan, ni kuma ba na nan." Ta nuna hannun rigarsa, inda maiƙo ya yi tabo. "Kuma wannan tsohon ne. Ina sabon?"

Hawaye suka ƙwace mata, ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

"Don Allah, Baba. Shekara uku. Kai ne kake tashina karatu. Kada ka ce min ka ƙona shi."

Baba ya zura hannu cikin rigar matashin kansa ya zaro fasfon, lafiya lau, ko lanƙwasa babu.

"Wata biyu kawai na so," ya ce, bai dube ta ba. "Na ce in an makara, shi ke nan, kin zauna. Uwarki na raka ta filin jirgi da ƙafarta, aka dawo min da ita ba ta gane ni. Yanzu ke. Ban iya cewa kar ki tafi ba, ni da na yi ta yi miki faɗan karatu."

"Shi ne ka ɗora wa wanda ba shi da bakin musu? Yaya na can da sanda, Baba. Kwikwiyon nan na kawo maka shi ne ya zauna da kai."

Tsohon ya miƙe da saurin da bai yi ba shekara da shekaru. Daga bakin ƙofa ya daka tsawa: "Kai! Ajiye sandar nan! Ni ne ɓarawon."

Kwikwiyon ya fito daga ƙarƙashin benci, ya taho da gudu ya kama bakin wandon Baba ya soma tauna. Auta ta rungume fasfonta a ƙirji, ta miƙa wa mahaifinta igiyar mai ƙulli.

"Ba a dukansa. Ka ce a'a sau ɗaya, ka cire wandon daga bakinsa, ka ba shi wannan."

Baba ya karɓa, ya sunkuya ya yi yadda ta ce.

"Ruwan ɗacin fa?" ya tambaya. "Sau nawa ake fesawa? Rubuta min kafin gobe."