Gansakukar Bayan Tanki

A gindin wata tsohuwar katanga ya fara ganinta, tsugune da gilashin ƙara girma tana leƙen gansakuka. Shi mai sayar da furanni ne, ya kawo dashe lambun jami'ar da take aiki. Ya tsokane ta, wai ga wardi jawur ta bari tana kallon datti. Ta ce ai ba dangi ɗaya ba ne: nasa suna da saiwa da fure da iri, rana suke so, tata kuwa ba ko ɗaya, inuwa da danshi sun ishe ta.

Daga ranar ya laƙaba mata 'Yar Inuwa.

Zance ya yi nisa, mahaifinta ya ce atafau ba zai ba mai wasa da ƙasa 'yarsa ba. Bawan Allah mai furanni ya rasa ta inda zai ɓullo. Tana yin tafiyar aiki, sai ya lura bangon bayan tankin gidan mahaifinta ya yi kore shar. Ya nemi izini, ya kankare shi tas, ya yi fenti, ya jera tukwanen wardi. Tsoho ya gani, ya ce yaron nan da hankali, ya turo magabatansa.

Kaico, garin neman gira an rasa ido. A bangon nan akwai wata gansakuka da ba a samunta ko'ina a garin, shekara da shekaru tana tsaronta. Saboda gansakukar ce ma ta hana a toshe yoyon tankin.

Da ta dawo, shafa fentin kawai ta yi ta shige ɗaki. Da ya ji labarin ɓarnar da ya yi, sai ga saƙonsa:

"'Yar Inuwata, ki yafe min. Faɗa min inda ake sayar da ita, ko ina ne zan je."

Sai da hawayenta ya tsaya ta ba shi amsa:

"Ba a sayar da ita, masoyi. Laifina ne da ban nuna maka ba. Amma yau kam zuciyata na ciwo."

Aka ɗaura aure, tsoho ya sa musu albarka yana ta yabon bangonsa. Allah ya bar su tare.

Tun daga nan ango ya daina kankare tukwanensa, masu saye na ta mitar sun yi datti. Ko wacce ta yi kore sai ya kawo mata da rawar jiki, ko irin waccan da ya kankare ce. Da kallo ɗaya take gane gama-gari ce. Sai ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Bari mu ajiye ta a inuwa."