Riƙon Baibai

Ranar da Hafsah ta fara ganin Bakari, laifi ta yi masa.

Asabar ce da hantsi, a filin golf na Yola. Ita ba wasa ya kawo ta ba. Mahaifiyarta, Daada, ita ta ɗora mata aikin bin mahaifinta, Baaba, duk mako da maganin hawan jini da gorar ruwa, don in aka ƙyale shi sai ya kai azahar yana bin ƙwallo bai sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Ta samu inuwa kusa da wata 'yar tuta, ta zauna ta buɗe littafi. Iska na ta juya mata shafi. Sai ga wata farar ƙwallo ta faɗo daga sama, ta gangara ta tsaya taku ɗaya daga ramin da aka kafa tutar. Hafsah ta duba gabas, ta duba yamma, ba ta ga mai ita ba. Ta tashi ta ɗauko ta, ta danne tsakiyar littafinta da ita.

Can sai ga wani dogon saurayi da tsohuwar jaka a kafaɗa, yana dube-dube a ƙasa.

"Salamu alaikum. Don Allah, ba ki ga wata ƙwallo ba?"

Ta dubi littafin. Shi ma ya dubi littafin.

"A ina ta tsaya kafin ta shiga makaranta?" ya tambaya.

Ta nuna masa da yatsa. Ya lumshe ido kamar wanda aka yi wa allura.

"Shekara tara ina neman bugu irin wannan. Yau na samu, kuma shaidata guda ɗaya ta mai da shi alamar shafi."

Hafsah ta ba shi haƙuri sau huɗu, uku da Hausa, ɗaya da Fulatanci. Ya yi dariya ya ce ta mayar da ita inda ta ɗauko. Ta mayar, har da gyara mata zama. Ya zaro sanda, ya ɗan taɓa ta, ƙwallo ta faɗa rami.

"Kai, yaro. Wa ya koya maka wannan riƙon?"

Baaba ne ya iso. Alhaji Hamajoɗa, tsohon darakta a ma'aikatar ayyuka, shekara talatin yana buga golf, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar abu a karkace. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce, mai bugu da dama yana sa hagunsa a sama, damansa a ƙasa. Bakari kuwa dama ce a sama, hagu a ƙasa.

"Ba wanda ya koya mini, Barkama," in ji Bakari, yana girmama shi da Fulatanci.

"Ai na ga alama," in ji Baaba, ya karɓi maganinsa ya wuce yana girgiza kai.

Daga ranar, Hafsah ta daina ƙorafin bin Baaba fili. Littafin da take zuwa da shi kuwa wata biyu yana shafi ɗaya.

A hirarsu ta uku Bakari ya ba ta labarin riƙon. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Jimeta, amma ɗan Mubi ne. Shekarar da aka kori mutane daga garin, a ƙafa suka fito shi da mahaifiyarsa da ƙannensa, suka sauka gidan wani kawunsa a bayan wayar da ta kewaye filin nan. Ba makaranta, ba gona, ba abin yi. Kullum sai ya tsaya jikin waya yana kallon manya suna bugu, yana kwaikwayonsu da karan dawa.

"Su suna fuskantata, ni ina fuskantarsu. Na kwafe su kamar a madubi. Hannun da na gani a ƙasa ta gefen hagu, shi na sa. Lokacin da na samu sanduna na gaske a gwanjo, hannu ya riga ya haddace."

"Ba ka taɓa son gyarawa ba?"

"Shi kaɗai ne abin da na koya a shekarar nan wanda ba tsoro ba."

Hafsah ta miƙa masa gorar ruwan Baaba.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ɓarauniyata, kin isa gida lafiya? Na ƙirga ƙwallayena sun cika, amma akwai abin da ba na gani tun ɗazu a ƙirjina. Ki duba tsakiyar littafinki."

Ta rubuta amsa sau biyar tana gogewa. Ta shida ta tura da ido a rufe.

"Hamma Baibai, na duba. Tana nan. Ba zan mayar ba."

Matsalar ita ce Baaba yana da nasa ɗan takarar. Mu'tasim, ɗan abokinsa, mai aiki a Abuja. Riƙonsa kamar a littafi, safar hannunsa fara fat, jakarsa ta fi shi nauyi. Duk zuwansa Yola sai ya je fili ya buga rami uku, ya ɗauki hoto talatin, ya koma mota ya kunna sanyi. Ya taɓa yi wa Hafsah hira ta awa guda a kan takalmansa.

Da magabatan Bakari suka nemi izinin zuwa gaisuwa, sai Baaba ya ce a turo masa yaron tukuna. Ya zaunar da shi a falo, ya sa aka kira Hafsah, ta zauna a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Na yi bincike," in ji Baaba. "An ce kana salla a kan lokaci, kana riƙe da mahaifiyarka, ɗalibanka suna cin jarrabawa. Duk na yarda. Amma mutumin da za a nuna wa daidai ya ce shi baibai ta fi masa, ta yaya zai riƙe gida? Gyara riƙonka, ka dawo mu yi magana. In ba za ka iya ba, akwai wanda ya iya."

"Barkama, ai ƙwallon tana zuwa inda na aike ta."

"Jaki ma yana zuwa kasuwa. Ke Hafsah, kin ga riƙon nan. Daidai ne?"

Zuciyarta ta ce daidai ne, kuma ya fi na kowa kyau. Amma tunda aka haife ta ba ta taɓa musu da Baaba ba. Bakinta ya buɗe da kansa.

"A'a, Baaba. Ba daidai ba ne."

Bakari ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya yi sallama.

Kwana goma sha biyu ba saƙo, ba kira, ba ya zuwa fili. Hafsah ta tura masa "Jam na?", wato "Lafiya?", sau uku, shiru. Ta tabbata ya haƙura da ita. Ta yi kuka a ɗakin karatun da take aiki, a bayan kantar ƙamus inda ba mai zuwa.

Yayarta Adda Asta ce ta gaji da ganin jan ido.

"Tashi mu je Mbamba gaida Goggo. An ce akwai wani malami da ya addabi awakin unguwar."

A wata gona da aka girbe suka same shi. Hannayensa biyu a ɗaure a jikin sanda da robar taya, hagu a sama, dama a ƙasa, ya jera 'ya'yan goruba a gabansa. Ya ɗaga ya buga. Gorubar ta tafi gefe ta sami wani bunsuru da bai san hawa ba bai san sauka ba.

"Na tara ke nan yau," in ji wata tsohuwa da ke wucewa. "Bunsurun ma ya fara sabawa."

Adda Asta ta juya baya tana dariya. Hafsah ta matsa kusa. Tafukan hannunsa duk sun yi bororo, ko waya ba zai iya dannawa ba.

"Na ɗauka ka fasa ne," ta ce.

"Ke kika ce ba daidai ba ne. Maganar Baaba zan iya jayayya da ita a raina. Taki ba zan iya ba."

"Tsoro na ji, Hamma."

"To, ni ma tsoro nake ji. Kar in riƙe sanda yadda nake so in rasa ki."

"Ka kwance robar nan, giɗo am, masoyina."

"Ba zan iya ba."

"Don Allah."

"A'a, da gaske ba zan iya ba. Wanda ya ɗaure ni ya tafi masallaci."

Adda Asta ce ta kwance shi. Amma ya rantse ba zai sake juya hannu ba sai Baaba ya ba shi Hafsah.

Mako biyu bayan haka aka yi gasar shekara ta 'yan bibbiyu. Mutum biyu, ƙwallo ɗaya: wannan ya buga, wancan ya ɗora daga inda ta faɗi. Baaba ba kofi ya dame shi ba, Baba Zadok ne ya dame shi. Tsohon hedimasta ne mazaunin Nassarawo, amininsa tun suna samari, wanda ya cinye shi shekara shida a jere kuma ba ya barin maganar ta huce ko a gidan biki. Bana Baaba ya shirya, ya kira Mu'tasim daga Abuja.

Ana saura minti ashirin a fara, saƙo ya shigo wayar Baaba. Ya miƙa wa Hafsah ta karanta masa don bai zo da tabarau ba.

"Daddy, na duba waya an ce yau zafin Yola zai kai arba'in da uku. Likitan fatata ya hana ni. Ina tare da ku a zuciya."

Baba Zadok ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hamajoɗa, zuciya ba ta buga ƙwallo. Ka sallama kawai mu je mu sha zoɓo."

Hafsah ta matso kusa da mahaifinta.

"Baaba, ga Hamma Bakari can. Ya gyara riƙonsa."

Baaba ya duba hagu da dama, ba wani mai sanda da ba shi da abokin wasa. Ya yafito shi.

Riƙon Bakari ranar kam ba wanda zai kushe shi. Baaba ya duba ya gyaɗa kai, har ya ce, "Ka ga yanzu ka zama mutum." Bakari ya buga. Ƙwallo ta tafi ta kwanta cikin yashi, kuma Baaba ne zai fitar da ita.

A rami na biyu ta shiga ƙaya. Baaba ya fito da hula a karkace. A na uku ta faɗa kwata, Baaba ya naɗe wando. A na huɗu ta tsallake waya gaba ɗaya, wata mai wainar gero ta jefo musu ita da faɗa.

"Riƙo mai kyau," in ji Baba Zadok kowane lokaci. "Wallahi kamar a littafi. Ci gaba, ɗana."

Suna isa rami na biyar an ba su ratar huɗu. Baaba ya matso kusa da Bakari, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya yi ƙasa da murya.

"Juya hannun nan."

"Barkama?"

"Na ce ka juya. Yadda ka saba."

"Ai na yi rantsuwa, Barkama. Sai an ba ni..." Ya kasa ƙarasawa.

Hafsah tana tsaye da katin maki da fensir. Ta ji in ba ta yi magana yanzu ba, to har abada a bayan kantar ƙamus za ta ƙare.

"Baaba, ranar nan a falo ba gaskiya na faɗa ba. A wurina riƙonsa daidai ne. In ya juya hannu yanzu, sharaɗin yana nan ko ya faɗi?"

Baaba ya dubi 'yarsa kamar yau ya fara jin muryarta. Ya dubi hannayen Bakari masu tabon bororo. Ya daɗe a kansu. Sannan ya dubi Baba Zadok, wanda ya kafa hannu a kunne.

"Ya faɗi," in ji Baaba.

"Ban ji ba," in ji Baba Zadok. "Kunnena ya tsufa."

"Na ce na ba shi ita. Ka ji ko in rubuta maka?"

"Na ji. Ni ne shaida, kuma ni ba na mantuwa."

Bakari ya sauke hagu ƙasa, ya ɗora dama a sama, ya ja numfashi. Ƙarar bugun kaɗai ta sa mutanen rami na gaba suka waiwayo. Ƙwallo ta miƙe sambal kamar an ja mata zare.

Daga nan wasa ya juya. Suka rama ɗaya, suka rama biyu. Baaba ya daina kallon hannun Bakari, ya koma kallon sama. Suka iso rami na ƙarshe kunnen doki, Bakari ya ajiye wa Baaba ƙwallo taku biyu daga rami. In ta shiga, an yi canjaras a sake; in ta kuce, Baba Zadok ya sake cinyewa. Baaba ya gyara tsayuwa, ya jera yatsunsa bisa ƙa'idar shekara talatin, ya taɓa ta a hankali.

Ta zagaya bakin ramin ta fito.

Baba Zadok ya dafa kafaɗarsa.

"Bakwai ke nan. Amma kar ka damu, riƙonka ya yi kyau."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Mutanen Mubi suka cika mota uku, na Mbamba suka zo har da tsohuwar nan mai bunsuru. Baba Zadok ya ba kowa labarin rami na ƙarshe, wasu sau biyu.

Da za a kai amarya, Hafsah ta durƙusa gaban Baaba tana hawaye, Bakari a gefenta. Baaba ya yi gyaran murya sau uku kafin magana ta fito.

"Na ba ka amana, Bakari. Ka riƙe ta yadda ka iya, tunda na ga yadda ka iya ɗin yana kaiwa. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya ɗayyiba, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baaba," suka ce.

"Amma ku ji da kyau. Jikokina, ni zan koya musu riƙon sanda."

Daga bayan taro Baba Zadok ya ɗaga murya.

"Alhamdulillahi. Nawa jikokin ma sun samu na cinyewa."

Har Daada da ke kuka sai da ta yi dariya. Allah ya albarkaci wannan gida, ya ba duk mai nema nasa rabon.