Batirin Hajiya Bara'atu

Ranar Litinin da hantsi Hajiya Bara'atu, shugabar wata makarantar matan aure a Tsafe, ta dire kwamfutarta a teburin Sufeto Yazid a Gusau, tana huci.

"Arzika mai gyara ya sace mini batir. Mako guda da karɓo ta daga shagonsa, tana nuna kashi arba'in sai ta mutu ɗif!"

Sufeto Yazid mutum ne mai saurin hannu, kuma ranar saurin ya yi yawa. Kafin azahar an fito da Arzika da ankwa, duk 'yan layin masu gyara suna kallo. Sai washegari ya zauna ya saurare shi.

"Ranka shi daɗe, ni saita batirin na yi," in ji Arzika. "Na cika shi taf, na bar shi ya zuƙe har ta mutu da kanta, na sake cika shi ba tsinkewa. Haka kwamfuta ke gane gaskiyar abin da ke cikinsa. Kuma duk batirin da na saita sai na rubuta kwanan wata a bayansa da jan alƙalami, don a dawo bayan wata uku. A buɗe a gani."

Aka buɗe. Babu jan rubutu, ga batiri ya kumbura kamar burodi.

"To ka gani, an canza," in ji Sufeto.

"An canza kam. Amma dubi kan sukurorin nan. Da bakin wuƙa aka kwance su. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, da wuƙa zan buɗe kayan mutane?"

Sufeto ya duba, ya kasa haɗa ido da shi. Ya ɗauki hularsa ya nufi Tsafe.

"Hajiya, wa ke taɓa kwamfutar nan ban da ke?"

"Ba kowa. A ɗakina take kwana."

Sufeto ya nuna kan tebur. "Kwamfuta ɗaya, caja biyu iri ɗaya?"

"Ɗayar ta ƙanena ce, Halliru. Ya zo daga Bungudu ranar Juma'a ya manta ta. Tare na saya mana, tawa da tasa. Amma Sufeto, kar ma ka fara. Ni na goya yaron nan."

A Bungudu suka tarar da Halliru a shagon da yake buga wa mutane takardu. Magidanci ne mai gemu, amma da ya ga yayarsa da ɗan sanda sai da ya yi tuntuɓe da benci. Kwamfutarsa na kan matashin kai, jone da wata cajar aro.

"Yaya batirinka?" Sufeto ya tambaya.

"Ai ya daɗe da mutuwa, yallaɓai. In an zare waya, shi ke nan."

Sufeto ya miƙa hannu ya zare wayar, ya gyara zama, ya nemi ruwan sha. Minti goma, minti ashirin, kwamfuta na nan garau. Gumi ya fara bin gemun Halliru.

"Mataccen naka yana da ƙarfin hali," in ji Sufeto. "Miƙo wuƙar can ta kan taga, da alama ta san hanya."

Da murfin ya buɗe, ga kwanan wata da jan alƙalami, rubutun Arzika ɓaro-ɓaro.

Halliru ya sulale ƙasa. "Yaya, ki yafe mini. Kin sha gaya mini kar in bar ta a caji dare da rana, kar in ɗora ta kan matashi tana zafi. Ban ji ba, har batirin ya kumbura. Kunya ta hana ni gaya miki. Na ɗauka za ki mayar wa mai gyara kawai."

"Ka ji an kama shi?" Sufeto ya tambaya.

"Na ji."

"Me ka yi?"

Halliru ya sunkuyar da kai. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta har aka sa shi a mota.

Da la'asar Sufeto ya buɗe wa Arzika ƙofa, ya ce a yi haƙuri.

"A layinmu aka sa mini ankwa, ranka shi daɗe," in ji Arzika. "A can za a faɗa."

Wallahi Sufeto ya gwammace a tura shi fagen harbi da wannan tafiya, amma ya je. Ya tsaya tsakiyar layin, ya cire hula, ya ɗaga murya ya ce Arzika ba ɓarawo ba ne, shi ne ya yi gaggawa. Hajiya na gefensa, kanta a ƙasa.

Arzika ya buɗe shagonsa. Kantar da ya bari cike da kwamfutocin mutane wayam take. Maƙwabcinsa mai riƙe makulli ya ce duk masu su sun zo sun kwashe tun jiya.

Hajiya ta matso a hankali ta ajiye tata a kan kantar, da batirin a gefe.

Arzika ya daɗe yana kallonta, sannan ya jawo sukurudireba.

"Sai an sake saita shi daga farko, Hajiya. Ki dawo jibi. Ba layi, ke kaɗai ce."