Kuka a Cikin Damin Kacala

Ana idar da sallar magariba dutsen farko ya faɗo kan rufin gidan Sabiru, a wani ƙauye kusa da Sandamu. Madina, matarsa, ta ɗauka yara ne. Na biyu ya faɗo gaban murhu, jiƙe da laka, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka.

Sabiru ne mai kula da tanderun injin da ke ba ƙauyen wutar lantarki. Kacala, ciyawar da ta cinye musu tafki, ita ake yanka a shanya a ƙona, asibiti da masallaci da gidaje su samu haske.

Jifan ya ci gaba, kullum da faɗuwar rana. Sai 'yarsu Firdausi ta daina cin abinci. Takan zauna gindin randa shiru, tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri.

Aka ɗauko Malam Kalilu daga Daura. Ya zauna bakin tabarma ya fara karatu a hankali. Da ya yi nisa, yarinyar ta ɗago kai, muryar babbar mace ta fito daga bakinta, a dushe.

"Malam, daina ƙona ni. Wutar da aka sa mini ta isa."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Aljana ce ni, cikin kacala nake zaune. Na kwantar da ɗana na fita, na dawo an ɗaure shi a dami. Ubanta ya jefa shi wuta."

"Bai gan shi ba," in ji malam. "Mu ba ma ganinku."

"Bai gani ba. Tambaye shi ko bai ji ba."

Sabiru ya durƙusa.

"Na ji kuka, Malam. Na ce wa raina tsuntsu ne. Wutar tanderu na shirin mutuwa, ana karɓar haihuwa a asibiti, sai na tura damin."

"To a bar mini wannan yarinyar," muryar ta ce.

"Ki ji tsoron Allah," malam ya ce. "Ba ita ta yi ba."

Aljanar ta juyo da fuskar yarinyar wajen Madina.

"Abin da aka haifa ran nan, ya rayu?"

"Ta rayu," Madina ta amsa. "Mace ce."

Hawaye suka zubo a fuskar Firdausi. Muryar ta ce a bar musu gabashin tafkin, kuma a riƙa yin sallama kafin a sa lauje. Malam ya amince a madadin mutanen garin. Yarinyar ta yi atishawa, ta kira babarta.

Sabiru bai bar aikin ba. Amma kowane dami sai ya kwance shi a ƙasa, ya baza, ya kasa kunne. Abokan aikinsa na mita yana ɓata musu lokaci. Bai taɓa gaya musu dalili ba.