Ranar da Ramammiya Ta Wanke Fuska

Mama Amparo na gasa tortiya, wainar masararsu, a kicin sai ta ga abin: wani ƙaton baƙin malam-buɗe-littafi, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya shigo ta taga ya lafe daidai saman ƙofar ɗakin mahaifiyarta, Kaka Chole.

"Yesu da Maryamu! Eliseo! Kawo tsintsiya — yi maza kafin kakarka ta gani!"

Ɗanta Eliseo ya fito da gudu, baƙin fentin da ya shafa a farce ko bushewa bai yi ba. Ya kaɗa, ya kora, abin ya yi shawagi ya fice. Amma aikin gama ya gama. Daga kan gado muryar tsohuwa ta fito a raunane.

"Na gan shi. Ɗan aiken Ramammiya ne."

A unguwarsu ta Iztapalapa ba a kiran mutuwa da sunanta a gidan da ke da majinyaci, sai dai a ce Ramammiya. Kuma ko yaro ya san idan wannan baƙin ƙwaro ya sauka a ƙofa, ita ce ta aiko a duba mata hanya. Kaka Chole kuwa ta daɗe a kwance da ciwon zuciya.

"Haba Kaka, ƙwaro ne fa! Mu a Chicago—"

"Rufe mana baki da Chicagonka," in ji Mama. "Ka tafi da fuskar mutane, ka dawo mana da kwalli har kunne da farce kamar na bakanike. Maƙwabta har tambayata suke yi, wai namiji na haifa ko 'yar rawa? Allah ya so ni yarinyar da ka samo ta yi. Na ga hotonta a wayarka, fara sol kamar madara. Ko ba komai jikokina sa haskaka."

Shekarun da Eliseo ya yi yana wanke kwanuka a ƙasar mutane sun mayar da shi mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ba. Jakar da ya dawo da ita ma tana nan ƙarƙashin gado, bai gama kwashe ta ba. Abu ɗaya ya riƙe shi a garin: Nayeli, telar da ke sayar da rigunan leshi a kasuwar Chopo ranar Asabar, inda 'yan gotik, matasa masu ado irin na makoki, ke taruwa cikin baƙaƙen kayansu. Ranar da ƙwaron ya shigo ɗin ce za ta fara zuwa gaida iyayensa. Da ta tambaye shi abin da za ta saka, cewa ya yi, "Ki zo a yadda kike, ki ƙure adaka." Zancen ƙwaron kuwa ko a waya bai yi mata ba.

Ta kuwa ƙure. A wajen 'yan gotik ba girmamawar da ta kai mutum ya zo maka cikin cikakkiyar shiga. Ta saka doguwar baƙar rigar da ta ɗinka da hannunta, ta yafa baƙin mayafi mai raga, ta shafe fuska da farar hoda har wuya, leɓe baƙi ƙirin. Ta riƙo damin busassun wardi, don su a ganinsu fure bai cika kyau ba sai ya bushe.

Da azahar ta iso. An ɗauke wuta, lungun gidan ya yi duhu, Eliseo ya fita sayo lemo, Mama na bayan gida tana shanya. Nayeli ta tarar da ƙofa a buɗe, ta ji tari daga ɗaki, ta ce bari ta fara gaida babba. Ta tsaya a bakin ƙofar, ta rusuna, ta miƙa furannin.

"Kaka, na zo."

Ihun da tsohuwar ta yi har kan titi.

"Ba yanzu ba! Wayyo, ba yanzu ba! Amparo, ga ta nan!"

Ta dafe ƙirji, idanu suka kafe, carbinta ya tsinke ya watse a ƙasa.

A harabar asibiti Mama Amparo ta nuna Nayeli da yatsa.

"Ke wace irin annoba ce? Wa ke zuwa gaida majinyaci da kayan makabarta? Na rantse, in uwata ta mutu, ke kika kashe ta! Kai kuma, ka zaɓa — ko ni ko wannan fatalwar!"

Kaka ba ta mutu ba. An sallamo ta, amma gara ciwon da abin da ta dawo da shi. Ta sa aka kulle ɗakinta, aka toshe taga da bargo. Ko kunun masara aka kawo sai ta kau da kai. Motsi kaɗan a lungu sai ta zabura ta ƙanƙame zanen gado.

"Kaka, budurwata ce fa kika gani," Eliseo ya faɗa mata har ya gaji. "Mutum ce, sunanta Nayeli."

"Ja'iri, ni za ka yi wa wayo? Na ga fuskarta. Ba ɗan Adam mai irin wannan fuska. Ta ga gida, ta ce ta zo, za ta dawo."

Fadan coci ya zo ya yayyafa ruwa mai tsarki, bai yi amfani ba. Tsohuwa na ta zubewa, wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara. Likita ya ce zuciyar da sauƙi. Yunwa da firgici ne za su kai ta.

Ranar Asabar Eliseo ya sami Nayeli a rumfarta, jakarsa a kafaɗa.

"Na samo mana tikitin bas zuwa arewa, bakin iyaka. Mu tafi, Nayeli. Ba zan iya tsayawa in ga an fito da gawarta ana nuna ki ba."

"Ka taɓa gudu sau ɗaya. Me ka samo?"

"To me za mu yi?"

Ta daɗe tana murza bakin wata riga kafin ta ɗago. "Fuskar da ta gani ce ke kashe ta. Sai ta ga an cire ta a gabanta."

"Ki je ba kwalliya kawai mana."

"Sai ta ce wata ce daban, waccan na nan tafe. A yadda ta gan ni zan koma." Muryarta ta karye. "Eliseo, kai ma ba ka taɓa ganin fuskata ba. Tun ina makaranta suke kirana gindin tukunya. Da na shigo cikin 'yan Chopo na ɗauka na tsira, ashe nan ma sai fari ake kira kyakkyawa; ko hoto aka zo ɗauka, masu hasken ake turawa gaba. Shi ya sa ko shago ba na zuwa ba hoda. Mamanka farar suruka take jira. Kai kuma ban san me kake jira ba."

"In kuma ta sake ganinki zuciyarta ta tsaya fa?"

"Shi ne abin da ya hana ni barci."

Da ƙyar Mama ta yarda, shi ma don ta ga uwarta ta fara ƙin ruwa. "In wani abu ya faru," ta ce, "ku biyun kada in sake ganin ƙeyarku."

Da hantsi aka buɗe ɗakin, aka yaye bargon taga. Nayeli ta bayyana a bakin ƙofa: baƙar riga, mayafi, farar fuska. Sai dai maimakon furanni, roba ce a hannunta cike da ruwa, da sabulu.

Kaka ta ja wani irin numfashi mai ƙara. Leɓunanta suka yi fari, hannunta na lalubar carbi bai samu ba. Eliseo ya riƙe ta, yana jin bugun zuciyarta a tafinsa kamar na tsuntsun da aka kama. Mama ta toshe baki da gefen atamfarta.

"Fitar da ita! Eliseo, za ta mutu — fitar da ita!"

Nayeli ba ta ƙara taku ba. Ta durƙusa nan bakin ƙofa, ta ajiye robar, ta cire mayafin.

"Kaka, ki dube ni kawai. Ba zan matso ba."

Ta kamfaci ruwa ta watsa a fuska. Ta murza sabulu. Farin ya narke yana gangarowa ta haɓa, ruwan roba ya koma kamar tsala. Ta sake murzawa, ta goge leɓe, ta goge wuya. Da ta ɗago, sai ga baƙar yarinya mai faffaɗan kumatu, idanu jajur da sabulu da hawaye.

Kaka ta ƙura mata ido, ta ƙura, numfashinta na sauka a hankali.

"Matso nan, 'yar nan."

Ta matso da gwiwa. Tsohuwar ta shafa kumatunta, ta mintsine shi.

"Da ɗumi," ta ce. "Ramammiya ba ta da kumatu. Ke 'yar ina ce?"

"Iyayena daga Oaxaca suka zo, Kaka. Mutanen kan duwatsu."

"Ai na gani! Fuskar ƙanwata ce sak. Don Allah me ya kai ki binne wannan a cikin garin rogo?"

Mama Amparo, da ta saki baki tun ɗazu, sai maganar ta kuɓuce mata: "Au! Ashe baƙa ce?"

Kaka ta juyo, da wani ƙarfi da ba a san tana da sauransa ba.

"Ke daga cikin wa kika fito, Amparo? Daga tulun madara? Irinku ne kuka sa yarinya ta shafe fuska har ta kusa aika ni lahira! Tafi ki kawo min kunu, yunwa nake ji. Kuma ita za ta ba ni."

Nayeli ta saci kallon Eliseo a tsorace, sai ta tarar ya zuba mata ido, kwallinsa ya jiƙe ya zubo har gemu.

"Dube shi," in ji Kaka. "Wannan ma a miƙa masa sabulun."

Ba a ranar Mama ta sauko ba. Ta yi watanni tana amsa gaisuwar Nayeli a daƙile. Ita kuwa kullum ta tashi daga ɗinki sai ta biyo, ta yi wa Kaka wanka, ta taje mata kai, ta share har kicin ɗin da ba a gayyace ta ba, ba ta taɓa mayar da magana ba. Wata rana Mama ta shigo ta tarar da tsohuwar rigar aurenta, wadda asu ya cinye, Nayeli ta rufe kowace ɓula da ɗinkin fure. Ta zauna bakin gado ta yi kuka mai isarta. Makon da ya biyo ita da kanta ta ɗauki kwandon burodi da 'ya'yan itace, ta jagoranci zuwa neman aure.

Ranar ɗaurin aure Nayeli ta shiga coci cikin baƙin leshinta, da kwallinta, amma fuskar tata ce, ba hoda ko ƙwaya. Kaka Chole na layin gaba a keken guragu tana faɗa wa duk wanda ya zauna kusa, "Wannan ce ta zo ɗaukata, ni kuma na riƙe ta." Jakar Eliseo kuwa, a cikinta yanzu ake tara ƙyallayen ɗinki.

'Yan uwana matasa, ku sa abin da ranku ke so, amma ku san gidan da za ku shiga da idon da zai gan ku. Iyaye kuma ku daina auna 'ya'yan mutane da hasken fata, don wanda kuka raina launinsa zai ɓoye muku fuskarsa, kuma ba ku san me za ku gani a madadinta ba. Gudu bai taɓa warkar da tsoro ba. Haƙuri ne ya durƙusa a bakin ƙofa da robar ruwa, har aka ce masa, matso nan.