Jirgin da Yaya Bai Ƙarasa Ba

"Ajiye kwalbar nan!"

Auta ba ta san lokacin da jakarta ta faɗi ƙasa ba. Tana tsaye a ƙofar ɗakin marigayi yayanta, idonta a kan hannun ɗan Gwaggo, wanda dangi ke kira Manaja tun da aka ba shi kujera a wani kamfanin fenti. Kwalbar gam ce a hannunsa, har ya cire murfin.

"Haba ƙanwata, me ya yi zafi? Taimako fa nake..."

"Wallahi ɗigo ɗaya ya sauka a kan jirgin nan, ni da kai har abada!"

"Auta." Muryar Umma ce daga bakin gado, can ƙasa-ƙasa. "Ni na sa shi."

Jirgin ruwa ne, tsawonsa ya kai na mutum a kwance, a kan teburin da ya cinye rabin ɗakin. Da bulon roba aka gina shi, irin ƙananan nan masu kama juna da ake saya wa yara. Yaya dai bai taɓa yarda na yara ne ba. Ya girma, ya yi gemu, ya kama aiki, bai rabu da su ba. Ba littafi ya bi ba, daga kansa ya fito da fasalin jirgin, shi da amininsa da yake kira Magini, suka shekara biyu suna durƙuso a kai. Saura kaɗan su gama suka fita kan babur wata safiya, tayar babbar mota ta fashe a gabansu. Magini ne ke tuƙi. Shi ya dawo, Yaya bai dawo ba.

Wata goma ke nan. Tun daga ranar Umma ba ta ƙara kallon fuskar Magini ba, ta ce kada ƙafarsa ta sake taka mata gida. Maganar aurensa da Auta, wadda Yaya da kansa ya kai wa Umma yana tsokanar su, ta mutu murus. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Manaja ya mayar da gidan wurin zuwansa, yau ya gyara famfo, gobe ya kai Umma asibiti, duk neman gindin zama.

"Dubi tsakiyarsa," in ji Umma. "Buɗewa yake. Kullum na shigo sai na ga ya ƙara. So kike in zauna ina kallo ya zube?"

Auta ta matsa. Gaskiya ne, cikin jirgin ya lotsa, wata siririyar tsaga ta hau daga ƙasa har bene na biyu.

"Umma, Yaya bai taɓa sa gam ba. Cewa yake duk abin da aka manne ya mutu. Ki bari a kira wanda ya san..."

"Wancan?" Manaja ya yi 'yar dariya. "Ai na ji labari. So yake ya wargaza shi ya kwashe bulon da babu irinsu yanzu. Ya raba ki da ɗanki, Umma, yanzu kuma zai raba ki da abin da ya bari."

Kai, wani mutum dai bai iya tauna magana ba! Umma ta runtse ido kamar an soke ta.

"Kwana ɗaya, Umma," Auta ta durƙusa ta kama ƙafarta. "Don Allah. Gobe da safe in ban kawo mafita ba, ki sa duk abin da kika ga dama."

Umma ba ta ce e ba, amma ta miƙa hannu ta karɓi murfin kwalbar ta rufe.

Da la'asar Auta ta isa shagon Magini. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani ɗakin karatu, bangonsa duk 'yan durowa, kowace da launinta da girmanta. A nan yake gina wa makarantu da masu zanen gidaje ƙananan samfura. Yana ganinta ya miƙe, yana jan ƙafar da ba ta gama warkewa ba.

"Sanyin idona... kuka kika yi?"

"Ka faɗa mini gaskiya. Wargaza shi za ka yi?"

Ya kalle ta ido cikin ido.

"E."

"Innalillahi! Ashe Manaja bai yi ƙarya ba?"

"Saurare ni, Auta. Irin wannan gini ba a gyara shi ta waje. Ciwon a ciki yake. Yayanki ya tokare tsakiyar ne da tarkace na wucin gadi, kafin mu samo dogayen bulon da za su zama ƙashin bayansa. Sai an ɗaga bene uku an kai ƙasa."

Ya jawo wata durowa ta can ƙasa, ya fito da leda. Ledar ta yage a gefe, akwai karcen kwalta a jikinta.

"Su muka je karɓowa ranar."

Auta ta toshe bakinta da hannu.

"Wata goma ban iya buɗe ta ba," ya ce. "Ina sonki, Allah ne shaidata. Amma in Umma ta ce a'a har ƙarshe, ba zan ɗauke ki ta bayan idonta ba. Ta rasa ɗaya ta dalilina, ba za ta rasa biyu ba."

"Ba ta dalilinka ba ne! Kwanansa ne ya ƙare..."

"Na sani. Zuciyar uwa ce ba ta sani ba."

"To ni fa, Magini? Ni in yi yaya da tawa zuciyar?"

Ya miƙa mata hankici. Da ta share fuska ya ce zai zo gobe, amma ba zai taka gidan ba.

Haka kuwa aka yi. Ɗakin Yaya yana da taga mai kallon titi, a nan Magini ya tsaya da hantsi, rana na dukan ƙeyarsa, ledar a hannu. Ya gaishe da Umma har sau biyu. Ta kalli bango.

"Ki tambaye shi abin da ya kawo shi," ta ce wa Auta.

"Umma, ba zan taɓa ko guda ɗaya ba," ya ce ta tagar. "Ba kuma guda ɗaya da zai bar ɗakin nan. In aka zuba gam, fatar ce kawai za ta kama, cikin zai karye, kuma ba mai iya buɗe shi har abada. Ke za ki cire da hannunki, ke za ki mayar. Ni faɗa kawai zan yi."

"Kin ji ko? Daɗin baki!" in ji Manaja. Ya dafa gefen jirgin don ya nuna ƙarfinsa, sai ji kake ƙas! Layi guda na 'yan tagogi ya ɓalle ya warwatsu a ƙasa.

Umma ta zabura.

"Ɗauke hannunka!" Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ka san abin da ke cikinsa?"

"To... roba ce dai, Umma."

"Je ka falo ka zauna."

Ya fita sumui-sumui, da kwalbarsa. Umma ta daɗe tana kallon tsagar, sannan ta naɗe hannun rigarta.

"Ki ce masa ta ina zan fara."

Aiki ne mai cin rai. Magini na faɗa, Auta na maimaitawa ko da yake Umma na ji sarai. A fara da bututun hayaƙi. A kama bene daga kusurwa biyu, a ɗaga a hankali, kada a murɗa. Auta ta shimfiɗa tawul a kan gado, suna jera kowane sashe yadda ya fito. Duk wanda Umma ta ɗaga sai ta ce, "Yafe mini, ɗana," kamar ciwo take ji masa. Auta ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

Da bene na uku ya tashi, Umma ta tsaya cak.

A waje jirgin fari ne da baƙi, tsaf-tsaf, ba guda ɗaya da ya saɓa. Ciki kuwa kamar kasuwa: ja, rawaya, kore, shuɗi, duk sun koɗe.

"Ki ce masa mene ne wannan hargitsin?"

"Haka muke yi, Umma. Inda ido ba ya gani, kowane tsohon bulo sai a sa."

Umma ta zura hannu ta ɓamɓaro wani ja. Ta juya shi a tafinta. Gefensa duk ya tattaune, ga sawun 'yan haƙora a jere, ƙanana.

Auta ta ga fuskar mahaifiyarta ta canza.

"Waɗannan..." Umma ta ƙura masa ido. "Na bokiti ne. Bokitin bulon da na saya masa yana shekara biyar. Yatsunsa ba su da ƙarfi, sai ya dinga raba su da haƙori. Kullum ina faɗa, kullum ina dungure masa kai. A kan irin wannan haƙorinsa na farko ya fita, ya zo da gudu yana nuna mini, bakin duk jini, yana dariya..."

Ta ciro wani, shi ma da sawun. Ta ciro wani.

"Na ɗauka na zubar da su tuntuni. Ashe ɓoyewa ya yi, ja'irin yaro!"

Sai kukan ya ƙwace mata. Ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba, ranar da 'yan zaman makoki suka watse suka bar su ba ta yi ba. Auta ta rungume ta suna yi tare. A waje Magini ya kifa goshinsa a ƙarfen taga, kafaɗunsa na girgiza.

Ƙas!

Jirgin ne. An cire masa abin da ya tokare shi, cikinsa ya fara sauka.

"Auta, tallabe shi ta ƙasa!" Magini ya ɗaga murya. "Hannu biyu! Umma, ga ledar, dogon za ki zura..."

Auta ta tallabe, amma nauyin ya fi ƙarfinta. Umma ta karɓi ledar ta taga, ta yage, ta rasa inda za ta sa. Tsagar na ƙara baki. Manaja ya leƙo daga falo yana cewa a bari ya kama.

Umma ba ta ko waiwaye shi ba. Ta ɗaga kai ta dubi taga, ido cikin ido, karo na farko a wata goma.

"Kai! Tsayuwar me kake yi? Shigo ka riƙe wa ɗan'uwanka!"

Bai san ƙafarsa na ciwo ba sai da ya tsinci kansa a durƙushe gaban teburin, hannuwansa a ƙarƙashin jirgin. Ya riƙe, Auta ta nuna wurin, Umma ta danna dogayen bulon ɗaya bayan ɗaya har cikin ya miƙe. Tsagar ta haɗe.

Umma na kallon tabon da ya taso daga wuyan hannunsa har gwiwar hannu. Ba ta taɓa sanin yana da shi ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ta ce. "Kada ka yi mini ƙarya. Ya sha wahala?"

"A'a, Umma. Wallahi bai sha ba. Labari yake ba ni, yana cewa ranar da muka gama ke za ki ɗora tutar sama, don ki daina ce masa babban banza mai wasan yara. Yana cikin dariya ne..."

Ya kasa ƙarasawa.

Umma ta gyaɗa kai a hankali. Ta goge fuskarta da bayan hannu.

"Na zalunce ka, ɗan nan. Na rasa wanda zan ji haushi ne, sai na same ka a tsaye."

"Umma, don Allah..."

"Yi shiru. Ka ce wa manyanka su zo. Amma ba ranar da za a sa sai jirgin nan ya tsaya da ƙafarsa, ka ji ni?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Daɗi take ji, da kewar Yaya, duk a lokaci guda, ta rasa wanda ya fi yawa.

Jan bulon nan mai sawun haƙori yana nan dunƙule a hannun Umma. Magini ya ce in tana so ta riƙe shi, akwai wanda zai maye gurbinsa.

Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.

"A'a," ta ce. "Nuna mini inda ya sa shi."

Ya nuna mata. Ta mayar da shi, ta danna da kanta har ya zauna.