Ranar da Ban Ce a Cire Hannu Ba

Aikina neman ruwa ne a ƙarƙashin ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Mukan kafa turakun ƙarfe a jere, mu ja waya, in saki wutar batir cikin ƙasa, na'ura ta nuna mini inda dutse yake da inda ruwa yake. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: kafin in danna maɓallin wutar, sai na ɗaga murya na ce, "A cire hannu!" Shekara goma sha ɗaya ban taɓa tsallake ta ba.

Ran nan muna wani fako a bayan unguwar Lamordé, a hayin kogi. Tun safe rana ke gasa mu, ƙarfe ba ya taɓuwa. Awo ɗaya ya rage aka kira magariba. Dauda, direbanmu da ke buga mana turaku, ya tafi gindin mota yin alwala. Ni kuwa hankalina na gida, na yi wa 'yata Anisa alkawarin tare za mu ci tuwo. Na duba layin, ba kowa. Wa zan yi wa ihu? Na danna.

Ƙara ta taso daga ƙarƙashin ƙafata. Ta yaro ce, siririya, ta yanke farat ɗaya.

Sai ƙaurin gashi.

A turke na ƙarshe wata mata na tsugune. Ɗazu ba ta nan. Tana rungume da wani abu cikin zane, hayaƙi na fita daga zanen. Ba ta matso ba, amma na ji numfashinta a kunnena.

"Illo," ta kira sunana a hankali. "Kullum kana faɗa. Mu ji, mu janye yaranmu. Yau me ya hana?"

"Ban ga kowa ba."

"Da can kana ganinmu?"

Wayar ta fara jan ciki a kan tsakuwa, ta naɗe mini ƙafa. Na fizge, na bar takalmina a wurin, na ruga.

"Mu ma ba za mu faɗa ba," ta ce a bayana.

Dauda ya ga fuskata, ya tada mota. Muna kan gada ina ta hamdala, wai na tsira. Wawa.

A unguwarmu Maourey na tarar da gidana cike da mata. Safiya, matata, na zaune a ƙasa da Anisa a cinya.

"Ƙofa kawai ta taɓa," ta ce. "Ƙofar ƙarfen nan. Illo, tun azahar ba wuta a unguwar nan!"

Anisa ta rayu. Hannun dama ya ƙone ya dunƙule, har yau bai buɗe ba. Shekararta huɗu a lokacin.

Ina nan ina aikin. Ko ni kaɗai ne ƙwal a fili, sai na yi ihun sau uku, na jira. A gida na sa an cire ƙofar, na zubar da cokulan ƙarfe. Amma ƙarfe ya cika garin nan, kuma hannu ɗaya ya rage mata.